Yadda Za Ka Zaɓi Wuƙar Gyaran Kifi Kafin 'Yarka Ta Kwashe Ka Zuwa Manila

Ranar Talata muka binne matata Perpetua. Da aka watse, 'yarmu Divina ta leƙa madafa ta ce, "Baba, zan dawo ƙarshen wata. In na tarar ba ka iya ciyar da kanka, sai Manila, ɗakin da ke kusa da injin wanki."

To kai gwauro ɗan'uwana, in irin wannan hukuncin ke jiranka, bi matakan nan. Na lamunce maka wuƙa mai araha da za ta riga ka tsufa amma ka riga ta mutuwa.

1. Ajiye littattafanka

Na koyar da adabi har gashina ya zube, ban taɓa cin karo da marubucin da ya bayyana yadda ake raba kifin bangus da ƙayarsa ba. Kifin nan ƙayarsa ta fi dangin matarka yawa. Tashi ka tafi kasuwar garinmu Dagupan.

2. Guji mai walƙiya

Wuƙar kanti, mai kwali da hoton kuku yana murmushi, ta surukai ce, a rataye a bango. Wuce wurin maƙeri. Nawa sunansa Islaw, da tsohon sifirin mota yake ƙira.

Yana ganina ya ce, "Malam Doro! Kifi za a yanka ko maƙwabci?"

"Wanne ya fi araha?"

"Maƙwabci. Ba shi da ƙaya."

3. Lanƙwasa ta

Dafa tsininta a kan katako ka danna. Ta rusuna kaɗan ta miƙe, ita ce taka. Wadda ta ƙi rusunawa za ta yi gaba da naman kifinka, wadda ta rusuna ta zauna a haka kuwa ta dace da siyasa. Tsawonta ya ɗan ɗara tafin hannunka. Ba yaƙi za ka ba.

4. Jiƙa hannu kafin ka riƙe ƙota

Kowace ƙota mutuniyar kirki ce a busasshen hannu. Tsoma hannunka cikin ruwan kifi, sannan ka damƙa. Ni na tsallake wannan matakin don kada in ɓata rigata, shi ya sa yanzu nake nuna hanya da yatsa mai ɗinki.

5. Kada ka karɓi kyauta

Labari zai bazu, kuma bazawarar layinku za ta iso. Tawa Sabel ce, ta zo da wuƙar marigayinta naɗe cikin tawul. Ka sani dai, wuƙar kyauta tana yanke zumunci in ba ka miƙa tsaba a madadinta ba. Ta buɗe tafin hannu tana jira.

"Ko peso ɗaya, Malam, kada ta raba mu."

"Wallahi ba ni da canji," na ce, aljihuna yana kacau-kacau.

Ina sanar da masana cewa camfin nan ƙarya ne. Kullum sai ta zo, kuma wuƙar ko ayaba ba ta yankawa.

6. Wanke, goge, shafa man kwakwa

Ƙarfen Islaw ya kwana da laima, da safe ya yi ja. Wannan ne kaɗai matakin da na ƙware a kai, don gwauro ba abin da yake da shi kamar lokaci.

7. Ranar hukunci

Tsaga kifin ta baya, buɗe shi kamar littafi, bi ƙayar da hantsaki. Jiƙa shi da ruwan tsami da tafarnuwa, soya, zuba shinkafa, ɓoye yatsan a ƙarƙashin tebur.

Divina ta dubi farantin ta ce, "Baba, kifin nan sau biyu ya mutu."

Ta ci, tana jera ƙaya a gefen faranti kamar shaidu a kotu. Sannan ta tashi ta ɗauko wuƙar, ta shafa kaifin da babban yatsa, ta sansana man.

"Wa ya shafa mata?"

"Bawanki."

Ta daɗe tana juya ta. "Zauna abinka. Amma don Allah ka riƙa cin kaza, kada ƙaya ta kashe min kai."

"Kifi zan ci."

"Taurin kai!"

Hattara

Yatsan da ya fita, bazawarar da ta shigo, 'yar da ta ƙi sassauci, duk babu ruwana. Mai ƙara ya kai wa Islaw, yana da guduma. Ni dai an bar min gidana da kujerata ta bakin madafa, inda a da nakan zauna da littafi a buɗe Perpetua tana gyaran kifi tana zagin gwamnati. Na sha niyyar gaya mata, sai in ga ba gaggawa: Perpetua, ni fa ko kaɗan ba na son bangus. Zaman nake so, kuma shi ne kifin da ya fi daɗewa wurin gyara.