Macijin da ke cikin bahon wanke-wanke

Ranar da matata ta tafi suna Maƙarfi, na dubi tarin kwanukan da ta bari, na ce yau zan nuna mata yadda ake wanke-wanke da dabara. Na jawo wani baho mai ruwa, ban ko leƙa ba, na zazzaga garin sabulu, na antaya kwanukan duka har kumfa ta rufe su.

Ina tsoma hannu, wani abu mai santsi ya naɗe mini yatsu. Wallahi ban san lokacin da na kai ƙofar gida ba, ina ihu, "Maciji! Jama'a, maciji!" Na tsaya ina duba inda ya sare ni.

Maƙwabcina Malam Sani ya shigo da gora, ya ce, "Kowa ya matsa!" Ya kifar da bahon daga nesa. Sai ga ganda ta faɗo, wadda matata ta jiƙa don miya.

Har yau in na gifta mahauta a kasuwar Ikara, sai wani ya ɗaga ganda ya ce, "Malam, yi baya, wannan bai gama mutuwa ba!"