Farfesan Fata da Ruwan Sama

Wanda bai san Farfesan Fata ba, bai san mutum mai riƙon amana ba. Ba jami'a ce ta ba shi wannan suna ba, abokan aiki ne suka laƙaba masa, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Babban jami'i ne a sashen takardu, mutum mai tausayi ƙwarai. Sai dai tausayin duk ya ƙare a kan kujerun motarsa, masu rufin fata ruwan madara.

Kullum da safe, kafin ya tambayi yara yadda suka kwana, ya riga ya gaida kujerun. Tsummansa uku: na ƙura, na shafa mai, na ukun kuwa ba wanda ya san aikinsa, amma ranar da uwargida ta goge tebur da shi, kwana biyu ba a yi dariya a gidan ba. A wurin aiki yakan bar takardun jama'a ya fito sau huɗu a yini ya gusar da motar, yana bin inuwar bishiya kamar mai kiwon akuya.

Shiga motar ma sai an sha karatu. "Fata rai gare ta," in ji shi. "Tana numfashi, tana jin ƙishi, tana fushi. Ba a zama mata da makulli a aljihun baya. Ba a faɗo mata tim, sauka ake yi a hankali." Surukarsa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta saurari wannan darasi sau ɗaya a ƙofar asibiti. Tun daga ranar ta ce motar haya ta fi mata kwanciyar hankali.

To, bana mataimakin darakta ya yi ritaya, muƙamin da Farfesa ya shekara goma sha ɗaya yana haɗiyar yawu a kansa. Har ya ɗinka sababbin kaya. Abokin takararsa ɗaya ne, akawun ofis, mai wata akwalar mota da ake ɗaure ƙofarta da waya. Wannan ko kallo bai ishi Farfesa ba.

Ana saura kwana biyu a yanke shawara, aka tashi aiki ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Motar Darakta ta ƙi tashi. Ga shi tsaye a bakin ƙofar ma'aikata, ya jiƙe sharkaf, ana jiransa a wani taro. Sai ga Farfesa. Dama ta zo har gida. Ya taka birki, ya sauke gilashi daidai faɗin yatsa biyu, kada feshi ya shiga.

Darakta ya ja ƙofa, ya ji ta a kulle.

"Ranka ya daɗe, minti ɗaya," in ji Farfesa ta 'yar kafar. "Ka san ruwa shi ne babban maƙiyin fata. In ya bushe a kanta, tabo yake bari har abada. Da za ka ɗan tsaya a rumfar maigadi ka tsane, ni kuma in nemo leda in shimfiɗa."

Darakta ya tsaya yana kallonsa, ruwa na bin gemunsa. Ana cikin haka akwalar akawu ta iso tana tari. Akawu ya kwance waya, ya tura ƙofa da ƙafa. "Shigo, yallaɓai, ai ita ma yoyo take yi."

Gaskiya Farfesa ya ɗan damu da ya ga akwalar ta tafi da Darakta. Amma da ya waiwaya ya ga kujerunsa ko ɗigo babu, sai hankalinsa ya kwanta. "Kada ki damu," ya ce wa uwargida da ya koma gida. "Darakta mai ilimi ne. Yau ya ga yadda nake riƙe abu."

Ya kuwa gani. Ranar da takardu suka fito, akawu ya zama mataimaki. Shi kuma Farfesa, saboda "ƙwarewarsa da babu kamarta wajen kula da abin zama", an mayar da shi ɗakin ajiya na ƙasan bene. Ya sauka yana gaya wa duk wanda ya tarar cewa aiki ne na musamman, ba kowa ake ba wa ba. Maigadi ya buɗe masa ƙofa, ya kunna fitila. Kujerun taro ne guda ɗari uku, an jibge su har rufi. Farfesa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, ko Allah zai sa a dace. Duk na roba ne.