Kiriyo Uku a Cikin Mashin ɗin Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da mashin ɗin wanki ya ba da shaida a kaina ba, gaban mata cike da tsakar gida.

Shekara goma sha ɗaya nake aiki a gidan wata Hajiya a unguwar Koira Kano, gadi da shara da ban ruwan fulawa. Da ta sayo mashin, irin mai murfi a sama, sai ta damƙa shi hannuna, don kowa ya san ni da haƙuri. Sharaɗi guda ta kafa: kayan gida kawai.

"Hajiya, ni da riguna uku? Hannuna ya ishe ni," na ce.

(Wata biyu hannun ya ishe ni. Daga nan, duk ranar da ta tafi biro, wato ofishinta, a Plateau, rigunan nan uku sukan ɗan zaga ciki su ma.)

Kula kuwa na kula da shi, a ganina. Kullum sai na goge bayansa har yana ƙyalli. Da an gama wanki in rufe murfin ruf, in lulluɓe shi da zane kamar amarya, kada iska ta taɓa shi.

A shekarar ce kuma na shiga ajin karatun manya a Talladjé, Hajiya ta yarda in riƙa tashi da la'asar. Ranar da na iya rubuta sunana, ba abin da ya tsira: buta, takalmi, cokali, har kiriyon rubutuna, wato fensir, na sassaƙa wa suna da reza. Kiriyon dai sai ɓacewa suke yi, ina ta zargin abokan aji, dattawa masu jikoki.

Sai mashin ya fara wari, irin na kwata bayan ruwan sama. Na ce laifin ruwan famfo ne. Da abin ya ƙi, na kunna turaren wuta na zura kaskon cikin tulunsa na rufe. Wari ya auri ƙamshi, suka haifi abin da ba shi da suna.

Ana saura kwana uku bikin ɗiyar ƙanwar Hajiya, baƙi sun iso daga Damagaram, aka wanke musu zannuwan gado. Wata gwaggo ta shinshina, ta ce, "Hajiya, akuya kuke kwana da ita?"

Nan take aka kira mai gyara. Ga rashin sa'a, Bazabarme ne, ni kuwa Bagobiri, abokan wasan juna tun kaka da kakanni. Yana ganin zanen fuskata ya washe baki.

"Af, bawana ne ke riƙe da shi? To ba sai na buɗe ba, na san ciwon."

"Yi aikinka, ɗan talakana," na ce.

Ya sa hannu cikin tulun, ya zaro wata ƴar raga daga jikin bango. Wallahi ban taɓa sanin tana fita ba. Abin da ke ciki ya yi kama da gawar ɓera: zare, gashi, dusar goro, duk sun cure sun yi baƙi.

"Wannan duk sati ake wanke ta," ya ce wa Hajiya. "Murfi a bar shi buɗe, cikin ya sha iska. Duk wata a juya shi ba kaya, da ruwan zafi da ɗan jabel, maganin nan mai farar da kaya. A kuma riƙa lalube aljihu kafin a zuba tufafi."

"Alhaji ba ya cin goro," in ji Hajiya a hankali.

"Ƙila baƙi ne," na ce. (Baƙin da suka zo jiya.)

Ya kwance faifan da ke juyawa a ƙasan tulun, ya tsamo guntayen kiriyo uku. Ya goge ɗaya a wandonsa, ya kanne ido.

"Akwai rubutu. Na manta tabarau. An ce Bagobirin nan ya shiga lekol, ya karanta mana."

Da na ce ban iya ba, da ƙila na sha. Amma wata bakwai ina jiran ranar da za a ce in yi karatu gaban jama'a. Na gyara tsayuwa, na yi gyaran murya, na karanta harafi bayan harafi, da ƙarfi, yadda malamarmu ta koya mana. Sai da na kai ƙarshe na ji sunan wa na kira.

Gwaggon nan ce ta fara rangaɗa guɗa. Na tsaya ina jiran a ce in tattara tabarmata.

Hajiya ta dube ni ta dubi kiriyon. "To, Baba, alhamdu lillahi, karatu ya shiga. Tunda ka iya, ga kaye, littafin rubutu. Duk Juma'a ka wanke ragar, ka rubuta, ka sa hannu. Rigunanka kuma ranar Asabar, da sanina."

Yanzu mashin ba ya wari, murfinsa a buɗe kamar bakin Bazabarmen. Na nemi gafarar dattawan ajinmu. Abin da na koya shi ne: mai son rubuta sunansa a kan komai, ya fara lalube aljihunsa.