Malam Ina-Hujja a Zauren Surukai

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da darasina ya biyo ni har Maiyama ya zaunar da ni ba.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Jega. A waccan shekarar na duƙufa wajen koya wa ɗalibaina bambance da'awa da hujja. Sai in rubuta sakin layi a allo, in ce su ja layi ƙarƙashin abin da marubuci ya ce haka ne, su kuma kewaye abin da ya kawo don tabbatar da shi. Duk wanda ya ba ni amsa sai na ce, "Ina hujja?" Har ta kai yaran sun laƙaba mini Malam Ina-Hujja. (Na yi kamar ban sani ba, amma gaskiya sunan yana yi mini daɗi.)

A lokacin ina neman auren Maryam, 'yar wani dattijo manomin albasa a Maiyama. Mutum ne da aka ce ba ya ba da 'yarsa sai ya ga mutum da idonsa, don haka ya aiko in je. Abokina Bashiru ya raka ni, kuma tun a hanya yake ja mini kunne: in sunkuyar da kai, in gaisa, in yi shiru. Na ce masa ai ni ba yaro ba ne.

Muka durƙusa a zaure muka gaisa. Baba ya tambayi aikina, na faɗa. Da a nan na tsaya da na tsira. Amma malami da shiru ba sa shiri, ga kuma fargaba. Sai na ji bakina yana zuba: ni mutum ne mai haƙuri, ba na fushi, ba na yawon banza, kuma ko noma ina taɓawa. (Gonar mahaifina ce a Dangamaji, rabona da riƙe fartanya a cikinta tun ina firamare.) Bashiru yana ta taka mini ƙafa, ni kuwa ina ta ƙari.

Baba ya saurare ni har na ƙare. Sannan ya ce, "Kai na Malam Ina-Hujja?"

Ashe Hafsatu, wata ɗaliba mai zama a layin gaba a ajina, ƙanwar Maryam ce, tana zaune wurin gwaggonta a Jega.

"Ran nan nic ce albasa za ta yi kyau bana," in ji Baba, "sai ɗiyar ga tac ce, 'Baba, ina hujja?' Nic ce wa ya koya miki wanga? Tac ce kai. To, Malam, ka ce kana noma. Miƙo hannunka in gani."

Na miƙa. Ya juya tafin hannun nan nawa, sumul kamar na jariri, da sauran farin alli a gefen farce. Ya ɗora nasa kusa da shi, duk kanta da tsaga. Bashiru ya kau da kai yana tarin da na san ba tari ba ne. Ni dai na ji da ƙasa za ta buɗe da na shige, kuma a raina na riga na yi ban kwana da Maryam.

Da ƙyar na ce, "Baba, wannan da'awa ce kawai."

Sai ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce tun kafin in zo ya sa an yi bincike a kaina, kamar yadda kowane uba yake yi, kuma babu wanda ya ce ni manomi ne. Amma ranar da Hafsatu ta tambaye shi, ya kai ta fadama ya nuna mata ganyen albasar da kaurin gindinta, suka daɗe suna hira irin wadda ba su taɓa yi ba.

"Wagga ita ta hujjar da nis samu bisa kanka," in ji shi. "Sauran duk ka aje su."

Na daɗe ina tunanin wannan magana. Na shekara ina koya wa yara cewa faɗa ba ta isa ba, amma da aka zo kan abin da na fi so a duniya, faɗar na dogara da ita. Abin da ya cece ni kuwa aikin da na yi ne ban ma san ana kallo ba.

An ɗaura auren bayan girbi. Yanzu idan na shiga zauren Baba, gaisuwa kawai nake yi in yi gum. Sai dai a gida ban tsira ba. Ko na ce wa Maryam yau zan dawo da wuri, ba ta ko ɗago kai take cewa, "Ina hujja?"