Ganye na Tara a Manhajar Ungulu

A wani daji mai yawan raɓa, inda rana ba ta cika gaggawar fitowa ba, wasu iyaye mata suka cire 'ya'yansu daga makarantar bakin kogi, wai malaman can ba su da kunya a baki. Suka riƙa koyar da su da kansu a gindin wata tsohuwar tsamiya, yau wannan, gobe waccan. Shekara ta bi shekara, yara suka iya ƙirga, suka san sunayen taurari, har suka tasa: mai ƙaho ƙahonsa ya leƙo, mai farce farcensa ya yi tauri. Sai aka ce lokacin ilimin halittu ya yi, a zauna a zaɓi manhaja.

Cikin iyayen akwai wata gada, Tasalla, mai siririyar ƙafa da doguwar gaisuwa. 'Yarta ɗaya ce, Yalwa, irin yarinyar nan da za ta tsaya kallon gajimare har ƙuda ya sauka a hancinta ya huta ya tashi ba ta sani ba. Abokin zamanta a aji kuwa Tanimu ne, ɗan Hajo damisa. Tun suna ƙanana suke kishingiɗa a ciyawa ɗaya, suna musun ko wancan gajimaren giwa ce ko suri.

Hajo maƙwabciyar kirki ce, wannan kowa ya shaida. Ba ta taɓa farauta a kusa da tsamiya ba. Can bayan dutse take zuwa, ta biya rafi ta wanke baki kafin ta yi wa kowa sallama. Ranar da aka haifi Yalwa ma ita ta fara zuwa barka. Amma Tasalla tana da yayye biyu da suka tafi kiwo bayan dutsen nan, har yau ana jiran su. Yalwa ba ta san wannan ba, bakin Tasalla kuma ya ƙi faɗa. Yaya za ki dubi 'yarki ki ce mata matar da ta zo barkarta irinku take ci? Ta ga gara littafi ya faɗa, tunda shi ba zai haɗu da Hajo a hanyar rafi gobe ba.

Manhaja biyu aka kawo. Ta farko daga malam-buɗe-littafi, a rubuce jikin furanni: yadda raɓa take sauka, yadda tsutsa take barci ta farka da fikafikai. Ƙamshinta kawai sai da ya sa uwaye uku gyangyaɗi. Ta biyu daga wata tsohuwar ungulu, a kan ganyen ɓaure goma sha biyu. Ba ta da ƙamshi ko kaɗan, amma kowa ya yarda ungulu ta san aikinta, don babu wanda ba ta taɓa leƙa cikin kakansa ba. Tasalla ta saci kallon ganye na tara, ta ga an rubuta a samansa: wa ke cin wa. Ga zane, kibiya ta taso daga ciyawa ta nufi gada, ta taso daga gada ta nufi damisa.

Kwana uku Tasalla ta yi tana bin gidaje tana yabon manhajar ungulu, wai rubutun ya fi fita, wai fure yana saurin yanƙwanewa. Da aka zo zaɓe, tata ta ci.

To, sai dai zaman tsamiya yana da al'adarsa. Bayan an zaɓi manhaja, shugabar zaman, Goggo Lantana kunkuru, takan karanta ganye ɗaya bayan ɗaya. Duk ganyen da wata ta ga zai kunyata wani a cikinsu, sai ta fito ta cinye shi a gaban kowa, don kada gobe a ce ɓoyewa aka yi. Ganye na uku, mai maganar yadda ake samun 'ya'ya, bushiya ta cinye tun ba a kai rabinsa ba. Na shida, mai koyar da yadda ake gane shekarun kunkuru daga zanen ƙoƙonsa, Goggo da kanta ta lamushe, ta ce ya yi wa yara tsauri.

Rana ta take tsaka, iska ta kwanta, 'ya'yan tsamiya suna lilo a hankali kamar su ma barci suke ji. Goggo ta ɗauko na tara ta karanta. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Tasalla ta ɗaure bakinta, don abin da ya rage mata kawai shi ne ta yi shiru har a wuce.

Sai Hajo ta miƙe.

Abin da Tasalla ba ta sani ba, wanda duk dajin ya sani ban da ita, shi ne Hajo ta fi kowa son ganyen nan. Tanimu ya girma yana tsinkar ciyawa tare da Yalwa, ya ci ya amayar, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, dangin ubansa suna ta magana. Ita ma bakinta ya kasa gaya masa abin da ake yi a bayan dutse. Ita ma littafi take jira. Amma ta dubi Tasalla a sunkuye, ta ɗauka baƙin ciki ne.

Ta ce, “Goggo, ku gafarce ni. Uwar Yalwa maƙwabciyata ce shekara da shekaru, ban taɓa ganin abin ƙi a wurinta ba. Ba zan zauna a karanta wa 'yarta wannan abu, da zane har da kibiya, ina kallo ba. Ni ba macin ganye ba ce, kun sani, amma yau zan ci. A miƙo min.”

Aka yi ta “Allah sarki”, bushiya har da share hawaye. Tasalla ta buɗe baki, kalma uku kawai take buƙata, a bar shi. Amma damisa ta tashi za ta ci ganye saboda ke, duk idanu suna kanki, ki ce me? Ta ji muryarta tana fita da kanta, kamar ta wata.

“Haba, Uwar Tanimu, ina raye ki ci ganye? Cikinki bai saba ba. In da wanda aka ci wa fuska a ganyen nan, ai ke ce, an zana ki da haƙora waje. Ni zan ci.”

Suka yi ta ja, kowacce tana roƙon a bar mata, kowacce tana fatan ɗayar ta gaji ta ce to a bar shi kawai. Ba wadda ta gaji. Da Goggo ta ga inuwa ta fara karkata, sai ta yaga ganyen biyu ta miƙa wa kowacce rabi. Hajo ta haɗiye nata ido a rufe. Tasalla ta tauna nata a hankali. Yana da ɗaci, kuma da yake ita mai tuƙa ce, kwana huɗu yana dawo mata baki.

Aka fara karatu da abin da ya saura. Gaskiya aji ya yi daɗi. Yara suka koyi yadda ganye yake shan rana, da yadda kifi yake numfashi, da hanyar da ruwa yake bi ya hau sama ya zama gajimare. Iyaye suka ce ba a taɓa manhaja mai ladabi irin wannan ba.

Wata ranar kaka, da la'asar sakaliya, Yalwa ta dawo gida tana tafe kamar iska ce take ɗauke da ita. Ta kwanta kusa da uwarta, ta ce, “Inna, kin san me Tanimu ya ce min yau? Wai kwanakin nan wani ƙamshi nake yi, in na zauna kusa da shi har yawu yake tarar masa, shi kansa bai san dalili ba. Wai wane turare nake shafawa.”

Tasalla ta daina tuƙa. Daga can nesa ta hango Hajo ta fito daga rafi, baki a wanke, tana ɗago mata kai da fara'a. Ta amsa gaisuwar, har da tambayar gajiya.

Tun daga washegari, kafin raɓa ta bushe, ake ganin Tasalla ta saka 'yarta a gaba suna tsere daga tsamiya zuwa kurmi, su je su dawo sau bakwai. Duk wanda ya tambaya sai ta ce yarinyar ce ta fara ƙiba.