Wa Ya Kashe Ƴar Baƙa, Kamarar Andarawus?

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido ɗaya a buɗe don ban yarda da kowa ba, ni Andarawus mai hoto na Dogon Dutsi nake sanar da ƴan uwa, abokan sana'a da maƙiya rasuwar kamarata, Ƴar Baƙa. Ta cika ranar Alhamis bisa teburin Luƙman mai gyara a Doso, bayan gajeriyar rashin lafiyar da tun farko na ce da hannun mutum a ciki.

Marigayiya ta shigo gidanmu shekarar da mahaifiyata, Mama Suzan, ta sayar da tumakinta don kada in tafi ci-rani. Tun daga ranar ita ke ci da mu.

Baiwar Allah ce mai rufin asiri. Ba kamfanin da ya kira ta bikin talla ya ji kunya. In mutum ashirin suka zo taro, sai ta durƙusa ta ɗauko su daga ƙasa, mai kallo ya rantse kasuwa ce ta ci. Kujerun da ba kowa a kai, ba ta taɓa ganinsu ba. Ta san labarin kaya ba daga allon talla yake farawa ba: in sabulu ne, daga hannun mai wanki, in abinci ne, daga gona. Ba ta da surutu. Kalmarta ɗaya ce, "ƙyas", in ta faɗe ta magana ta ƙare.

Ta rasu ta bar ƙafa-ukun da nake ɗora ta a kai mai ɗingishi, batir biyu tagwaye, da ni, wanda ba shi da abin ɗaukar bikin tallan Matankari na mako mai zuwa.

Ciwon ya kama ta a Dumega, wajen ƙaddamar da Beruwa Mai Goshi, wato dambun waken ƙungiyar matan da Mama ke ciki, wanda yanzu aka sa a leda da tambari. Tun safe nake ta nanata wa matan cewa duk abin da ba a shafa wa mai ba, ba ya sheƙi a hoto. Muka shafe beruwa da man gyaɗa, muka shafe akushi, har ludayi bai tsira ba. Na ajiye marigayiya bisa tabarma, na je gyara allon da iska ta karkatar. Da na dawo na ɗauke ta, "ƙyas" ɗinta ya koma "ƙyaaas", ya koma "ƙirrr", sannan tsit. Luƙman ya buɗe cikinta, ya sansana, ya ce har ƴan hanjinta man gyaɗa ne.

To, jama'a, kamara na shan mai da kanta?

Na fara da zargin Ɗayyabu, mai ɗaukar biki da salula yana kiran kansa darakta. Ya zo mani ta'aziyya tun ban faɗa wa kowa ba, idonsa ƙamas, yana tambaya ko aikin Matankari har yanzu nawa ne. Na koma kan Abdul'aziz, mai kula da tallan ƙungiyar, wanda ke riƙe da marigayiya a zuci tun ranar da ta nuna tumbinsa yadda Allah ya yi shi. Wani maƙwabcina kuma ya ce doguwa ce, aljanar tsamiyar wurin, ba ta son a haska ta. Ni mutumin majami'a ne, kuma tunda nake ban taɓa jin doguwa mai yawo da kwalbar man gyaɗa ba.

Har na sa takalmi zan tafi komisariya wajen ƴan sanda, sai na ce bari in duba hotunan da ta bari, ko ta ga maƙiyinta. Ashe ta gan shi. Hoto na ƙarshe ba ni na ɗauke shi ba. Fuska ce kusa-kusa, dishi-dishi saboda mai, da zanen Arawa daga baki zuwa kunne, leɓe a cije irin na mai aikin kirki, tsumma a hannu. Fuskar da na fara gani a duniya ce.

Mama ta ji abin da ɗanta ke faɗi. Ta ga an shafa wa ludayi, an bar wadda ke ci da gidanta furu-furu bisa tabarma. Ta shafe ta tsaf, ta ɗiga mata a kowace kafa yadda take yi wa keken ɗinkinta. Yatsanta ya taɓa maɓalli, marigayiya ta faɗi lafiyayyen "ƙyas" ɗinta na ƙarshe. Wallahi na yi kuka. Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba, kuma ba mai ganinsa.

Na cire takalmina. Wannan dai bai wanke Ɗayyabu ba, mai murna da mutuwa ɗan uwan mai kisa ne. Matankari ya koma hannunsa, Allah ya sa cajinsa ya kai la'asar. Mama kuwa ta fi kowa kuka. Jiya na ce mata tsufa ne ya kashe marigayiya, don ta daina tsine wa wanda ya yi.

Za a rufe marigayiya cikin jakarta ranar Lahadi bayan an taso daga majami'a. Zaman makoki a ƙofar shagona. Za a ci beruwa gaya, ba mai, kuma kada wanda ya tambayi dalili. Ba a yarda a ɗauki hoto da salula ba.

Mama ba ta karatu. Duk wanda ya karanta mata wannan sanarwa zan san shi, kuma ni da shi har gaban Allah.