Ranin Da Na Raba Gadona Ina Da Rai

Ba zan taɓa mantawa da ranin da na raba gadona da hannuna ba, ina zaune da raina.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, tun da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonarmu a ƙasar Maradun bai sake zama wuri guda ba. Ya yi lebura a bakin kanal na ban ruwa, daga baya ya riƙa tafiya cin rani Kudu. Zuwansa na ƙarshe ya dawo da tari, ya rame har riga tana zame masa daga kafaɗa. Bai ga kaka ba. Har yau in na ji tarin namiji a bayan katanga sai gabana ya faɗi.

Ina cikin takaba na fara jin raɗe-raɗi, wai ƙanjamau ce ta kashe shi. Ba wanda ya gwada shi, amma mata sun gama yanke hukunci a bakin rijiya. Ni kuma abinci ya ƙi shiga, zane ya yi mini yawa. Na ce shi ke nan, ta zo kaina. Na ware kwanona da moɗata, na hana jikokina hawa cinyata (wannan ya fi komai yi mini ciwo).

Da na fita takaba sai na shiga shiri. Na aika kasuwa aka yanko mini likkafani. Gadon ƙarfe na ba matar ɗana, babbar tukunyata da akuya na kai wa maƙwabciyata Laraba, muka rungumi juna muna kuka. Na bi gida-gida ina neman gafara. Sannan na kwanta a tabarma ina jira.

A haka 'yata Hauwa, wadda ke aure a Talata Mafara, ta zo ta same ni. Tana da ciki, an gwada jininta a wurin awo.

"Inna, mi kike jira nan?"

Na ce, "Lokaci."

"To tashi mu tai a duba. In lokacin ne, mu sani."

A asibiti ma'aikaciyar ta soki yatsana, jinin bai kai na sukar ƙaya ba. Jim kaɗan ta ce, "Inna, babu komi ga jininki." Na ce ta sake dubawa, don na riga na sallami mutane. Ta rufe baki da mayafi tana ɓoye dariya. Ta ce ko da akwai, akwai magani, masu shan sa suna nan suna noman albasarsu, kuma ba a ɗauka a kwano ko a cinya. "Baƙin ciki ne da rashin ci. Je ki ci tuwo."

Tuwo a wace tukunya?

Washegari na nufi gidan Laraba. Na tarar da mata cike da tsakar gida, ana surfen suna, ga tukunyata a kan murhu. Na ja gaisuwa, na gaida gida, na gaida yara, na gaida gajiya, har gaisuwa ta ƙare. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Laraba, an ce ba ni tahiya."

Taɓare suka tsaya.

Laraba ta ce, "Alhamdu lillahi!" Sai ta dubi turke. "Akuyar hwa, dusa muke ta ba ta don sadakar ukunki."

Wata tsohuwa ta ce, "To gafarar da muka yi miki, ita ma mu maido?"

Dariya har da masu riƙe ciki. Na zauna na jira wake ya dahu aka juye, na ɗora tukunya a ka, na ratsa gari ina jan akuyar da ta fi ni ƙiba. (Gadon ƙarfen ban ma nema ba. Wa ke da idon shiga ɗakin suruka?)

Abin da ke cin raina shi ne maigidana ya tafi ba a soki yatsansa ba. Ban san abin da ya kashe shi ba, kuma ba zan sani ba. Da an soka, wataƙila da yana nan.

Don haka duk wanda ya ji jikinsa ba daidai ba, ya fara kai yatsa asibiti kafin ya tara mutane rabon kaya. Bayarwa da hawaye ba ta da wuya. Karɓowa da ranka, a gaban masu surfe, shi ne aiki.